Daga Makuba Zuwa Baƙin Gerard: Tarihin Launin Rufin Gidajenmu



Duk wanda Allah ya hore wa ya kai gininsa linta a 'yan shekarun nan ya san tambayar da ke jiransa a shagon mai kwano. Tun kafin a zo maganar kauri ko ta kuɗi, za a miƙo masa wani allo mai 'yan guntayen kwano a jere, ja da kore da shuɗi da ruwan ƙasa da baƙi, a ce, "Alhaji, wane kala?" Maigida na son baƙi don shi ake yayi, uwargida ta ga wani ja a gidan biki ya kwanta mata, kafinta kuma yana tura su ga wanda ke jibge a shagon abokinsa. Abin da ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya shi ne, wannan tambaya sabuwa ce fil. Kakanninmu ba su taɓa jin ta ba, iyayenmu ma da yawa sun yi gini sun gama ba wanda ya yi musu ita. Ɗaruruwan shekaru Bahaushe yana rufa ɗaki, amma abin da ya yi rufin da shi ne yake zaɓa masa launi.

A ƙasar Hausa rufi iri biyu muka gada. Akwai jinka, wadda ake ɗaura wa yantar ciyawa, sabuwarta ruwan zuma-zuma, in ta sha damina biyu ta koma ruwan toka. Akwai kuma soro, rufin birni da na masu hali. Ƙashin bayan soro shi ne azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya. Magina sun zaɓe ta ne saboda gara ba ta cika damunta ba, ga ta da jure nauyi. Sai dai tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta a miƙe, da kyar take ɗaukar faɗin da ya wuce mita biyu da ƙasa a kanta. Wannan iyaka ita ta haifi gwanintar maginanmu. Don su sami faɗin zaure ko na masallaci, sai suka riƙa jera azara ɗaya kan ɗaya tana leƙowa kaɗan-kaɗan daga bango, suna ɗaure ta suna lulluɓe ta da ƙasa, har ta zama bakan gizo. Bakuna su haɗu a tsakiya, a ɗora tulluwa a sama. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a yaɓe, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Wanda yake son ya ga inda wannan sana'a ta kai, ya je Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti, amma bakunan suna nan a ciki. An kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

To ina launi a nan? Launin soro na ƙasar garin ne, sai kuma na abin da aka shafe shi da shi don kada ruwa ya ci. Ana jiƙa kwasfar ɗorawa a sami makuba, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe, ta ba da wani ja mai duhu. Har gobe in mace ta ce tana son atamfa ruwan makuba, sunan wannan yaɓe take kira, ko da ba ta taɓa ganin an yi shi ba. Masu ƙarfi kuma suna yin laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara, ya bushe ya yi tauri kamar siminti, launinsa toka-toka. Ka ga ke nan rufin gida ɗaya ya ratsa ta hannun mai saran giginya da marini da majemi kafin ya zo ga magini.

Soro yana da wani hali da ya kamata mu riƙe, don za mu dawo kansa. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Rana za ta yini tana dukan saman soro, amma zafin ba zai ratso ciki ba sai bayan awoyi, shi ya sa da azahar ɗakin soro yake da sanyi kamar randa. Da dare ne yake amayar da abin da ya sha, lokacin kuwa mutane sun fito tsakar gida da tabarminsu in bazara ce, in kuma hunturu ne ɗumin ya zama alheri. Kuɗin wannan ni'ima shi ne aiki. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba tsaga an sake yaɓe. Wanda ya yi sakaci shekara biyu, watan Agusta zai tuna masa.

Da fataken goro da na shanu suka fara zama a Kurmi, soro bai biyo su ba, kuma dalilin a fili yake. Ruwan da ke sauka a Kano a shekara galibi ba ya kai milimita 1,000, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake gamawa. Legas tana samun sama da 1,500, Fatakwal sama da 2,000, ga damina mai tsawo da ba ta barin yaɓe ya bushe. Shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa ba zai kai labari ba a irin wannan wuri. Sai mutanenmu suka rufa ɗakunansu da abin da masu gari ke rufawa da shi, ciyawa da faffaɗan ganye da ganyen tukurwa. Babban abokin gabar wannan rufi kuwa wuta ce. A unguwar da ɗakuna ke manne da juna, tartsatsi ɗaya da rani ya isa ya kwashe layi guda, har da kayan fatauci da amanar baƙi da ke ajiye a ciki.

Maganin ya taso ne daga nesa. A 1829 wani injiniya mai suna Henry Palmer, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Landan, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari. Wannan lanƙwasa ita ce sirrin abin: falle mai laushi da za ka iya naɗewa da hannu sai ya yi ƙarfin da zai tsaya tsakanin katako biyu. A 1837 kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don kada ya yi saurin tsatsa. Da aka haɗa dabarun biyu sai aka sami rufi marar nauyi, wanda ba ya cin wuta, ana jera shi bandir-bandir a cikin jirgin ruwa a kai shi ko'ina a duniya. Mu muka ba shi sunan kwanon da muke cin abinci a ciki, Yarabawa ma suka ce masa paanu, kusan tunani ɗaya.

Jirgin ƙasa ne ya raba shi cikin ƙasa. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911. Sabon Ibadan, wato unguwarmu ta Sabo, an kafa ta a 1916, daidai lokacin da kwano ke shiga gari. Kuɗin koko ya sa manoman ƙasar Yarabawa suka yi ta sauke ganye suna ɗora kwano, kuɗin goro da na shanu kuma ya yi wa masu gidajen Sabo da Shagamu da Agege irin wannan aiki. Ga maigidan da ke saukar da fatake, kwano jari ne. Baƙon da ya zo da dukiya daga Arewa zai fi sakin jiki ya ajiye ta a ɗakin da wuta ba za ta lashe cikin dare ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda duk cinikin shanu da goro ya rataya a kan masu gidajen nan da yawan ɗakunan da suke da su na saukar baƙi.

Kwano yana da wata ma'ana kuma da ba a cika faɗa ba. Wanda ya ɗora kwano ya nuna ba gobe zai tashi ba. Rumfar ciyawa ta ɗan ci-rani ce, kwano na mazauni ne. Har yau wannan lissafi bai bar mu ba: mutum zai shekara talatin a Kurmi yana haya ko yana cikin gidan gado mai yoyo, amma kyakkyawan rufin ya kai shi garinsu, gidan da yake kwana a ciki sati biyu a shekara. Ba mu ga laifin kowa ba, don wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 yana da hujjar yin taka-tsantsan. Amma 'ya'yan da aka haifa a nan, a ƙarƙashin rufin nan suke girma.

Shi ma kwano bai tambayi kowa launi ba. Yana zuwa fari fat yana ƙyalli har ya kashe ido. Shekara na tafiya ruwa na cin tutiyar, in ta ƙare ƙarfen ya fito, tsatsa ta kama. Wanda ya taɓa hawa hasumiyar Bower da ke kan dutsen Oke Are, wadda aka gina a 1936, ko ya tsaya a Mapo ya dubi Beere da Oje, ya ga abin da ya biyo baya: rufi ruwan ƙasa iya ganinka. Wannan launi ya zama tambarin Ibadan, ana ɗaukar hotonsa ana kai wa duniya, alhali ba mutum ɗaya da ya zauna ya zaɓe shi. Tsufa ne kawai. Abin dariyar shi ne yau akwai masu biyan kuɗi mai yawa su sayi sabon kwano mai irin wannan launi.

Ta fuskar zafi kuwa, kwano ya juya halin soro ne gaba ɗaya. Falle ne siriri, rana na taɓa shi ya ɗauka, nan take ya sako wa na ƙasa. Sabo yana mayar da wani kaso na hasken, mai tsatsa kuwa shanyewa yake yi. Duk wanda ya yi zazzaɓi a ɗakin kwano marar silin da ƙarfe biyun rana ba ya bukatar a yi masa bayani. Duk da haka kwano ya hau Arewa ya ci soro da yaƙi, musamman bayan kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da siminti da bulo suka zama alamar an ci gaba. Mutane sun gaji da yaɓen shekara-shekara, azara ta yi tsada don giginya ta ragu, magina masu sanin bakan gizo suka tsufa ba magada. An huta da yoyo, aka shiga neman fanka.

A tsakanin nan an yi zamanin asbestos. An kafa kamfanin Nigerite na Ikeja a 1959, wasu irinsa suka biyo baya a wasu garuruwa. Makarantu da barikoki da rukunin gidajen gwamnati, irin na Festac da aka gina don bikin 1977 da gidajen da Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, da yawansu da shi aka rufa. Bai kai kwano zafi ba, ba ya ƙara in ana ruwa, ba ya tsatsa. Launinsa toka ne, daga baya gansakuka ta mayar da shi baƙi. Sai da aka daɗe kafin talaka ya ji cewa ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar. Muna roƙon 'yan uwa masu tsofaffin gidaje: in za a sauke irin wannan rufi, kada a farfasa shi, kada a yanka shi da zarto a bushe, kada kuma a bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa.

Zaɓin launi na gaskiya ya zo ne da dogon kwanon alminiyum, wanda ake yanka wa mutum daidai tsawon rufinsa, fentinsa kuma gasasshe tun daga masana'anta. Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya bazu, sai unguwanni suka fara yin ja da shuɗi da kore. A wajenmu kore ya sami gata na musamman, masallatai da makarantun Islamiyya suka rungume shi, saboda koriyar ƙubbar Masallacin Annabi (SAW) a Madina. Ita ma ƙubbar ba da kore ta fara ba, a 1837 aka yi mata koren fenti, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na Biyu. A wannan zamani ne kuma muka koyi cewa araha ba ta ado. Ja da shuɗi masu arha rana take cinyewa, shekara kaɗan ja ya koma kamar an wanke shi da bilic, gefen da ke kallon rana daban, ɗaya gefen daban.

Sai kuma wanda ake yayi yanzu, kwano mai yashin dutse a bayansa, wanda kowa ke kira Gerard ko da wane kamfani ne ya yi shi, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Asalinsa daga Niyuzilan ne. Wani ɗan kasuwar can, Lou Fisher, ya ga yadda aka shafe kwanon gine-gine da kwalta a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya daɗe bai lalace ba, sai ya koma gida a shekarun 1950 ya fara yin kwano mai kwalta da ɓarɓashi a kai. Samfurin da masu shago ke kira Shingle yana kwaikwayon rufin gidajen Amurka ne, 'yan fale-falen kwalta da ake jerawa kamar ɓawon kifi. Tare da shi aka kwaso dogon rufi mai tsini da launuka masu duhu: baƙi, gawayi, ruwan kofi, baƙi mai ɗigon fari.

A nan ne muke da magana. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara, baƙin rufi yana da hujja, don rabin shekara neman ɗumi suke yi. Mu kuwa wane ɗumi muke nema a Ibadan ko Anacha, balle Sakkwato? Baƙin rufi yana mayar da kashi 5 zuwa 20 ne kawai cikin ɗari na hasken rana, sauran ya shanye. Farin rufi mai tsabta yana mayar da kashi 60 ko fiye. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rufi na yau da kullum yana kai digiri 65 ko fiye a ma'aunin Salshiyas da tsakar rana, mai mayar da haske kuma yana iya zama ƙasa da haka da kusan digiri 28 a rana ɗaya. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa, hukuma ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa da farin fenti. Su suna biya a mayar da rufi fari, mu muna biya a kawo mana baƙi daga jirgi.

Da can ana iya cewa ai akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma kai wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan amsa ta yi tsada. Launin da aka zaɓa cikin minti biyar a shago, shi za a riƙa biya wa kuɗin man janareto shekara ashirin ko talatin. Kuma ba Alhaji ne zai fi jin jiki ba, shi da ya fita kasuwa tun safe. Mata da jarirai da tsofaffi ne ke yini a ƙarƙashinsa.

Ba muna cewa kowa ya je ya sa fari ba ne, don fari ma yana da nasa. A Kurmi danshi yana sa gansakuka ta yi masa zane-zane, a Fatakwal baƙin hayaƙin da ya addabi gari tun 2016 ba zai bar shi ya yi wata uku da haskensa ba, a Arewa kuma ƙurar hunturu za ta mayar da shi ruwan ƙasa ko an so ko ba a so. In ya yi datti, amfaninsa yana raguwa. Ga kuma ƙyalli da zai iya damun maƙwabcin da benensa ke kallon rufinka. Shi ya sa a ganinmu tsaka-tsakin ya fi: toka mai haske, ruwan madara, ruwan yashi, kore mai haske. Suna ɓoye ƙura, ba sa saurin nuna koɗewa, kuma ba sa shan rana kamar baƙi. Wanda ransa ya kafe a kan ja, jan tukunya ya fi ruwan makuba mai duhu sauƙin zafi.

Launi kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. Rufi mai tudu yana da amfani a inda ruwa ke da yawa, kuma sararin da ke tsakaninsa da silin yana tare zafi, amma sai in an bar wa iska hanyar shiga ta ƙarƙashin baki da hanyar fita ta sama. Da yawa kafintoci suna toshe ko'ina don kyan gani ko don tsoron jemage, sai wurin ya zama tanda. Raga ta isa ta hana jemage. Takardar alminiyum mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano kuɗinta kaɗan ne a kan kuɗin rufin gaba ɗaya, amma sai an tuna da ita kafin a buga ƙusa. Wanda kuma ya riga ya sa baƙi, faifan sola da ya ɗora a kai yana yi wa wannan gefen inuwa, ya sami riba biyu.

Sauran abin da za a duba a shago bai wuce uku ba. A sa a auna kaurin kwanon a gabanka, don abin da aka rubuta 0.55 ba kullum yake cika 0.55 ba. In mai yashin dutse ne, a murza bayansa da babban yatsa, in yashin yana zubowa a tafin hannu to ruwan damina biyu zai wanke shi ya bar fallen tsirara. Sannan kada a zaɓi launi a cikin inuwar shago. A karɓi guntaye biyu ko uku, a fitar da su rana da azahar, a bar su rabin awa, a dawo a ɗora hannu a kan kowanne.